Ranar da Gwadabe Ya Gyara Lafiyayyar Mota

Duk wanda ya taɓa kai wayarsa caji a rumfunan da ke bakin ƙofar jami'a a Wudil ya san Gwadabe. In ma bai san fuskarsa ba, to ya san muryarsa, don tun daga titi ake jiyo ta. Dogo ne siriri, kullum da testar gwada wuta saƙale a aljihun gaba, ga hula an karkace ta gefe guda. Aikinsa dai bai wuce ya soka caja ya zare caja ba. Amma tun ranar da wani ɗalibi ya ce da shi cikin zolaya, "Injiniya, miƙo min wayata," shi ke nan, suna ya hau kansa ya ƙi sauka. Washegari ya sa aka rubuta INJINIYA da jan fenti a goshin rumfar. In ka kira shi Gwadabe zalla, sai ya waiwaya baya ya ga da wa kake.

"Ni da wuta ai mun fahimci juna," haka yake gaya wa masu jiran caji. "Sau ɗaya ta taɓa jana, na yi mata magana ta hankali, har yau ba ta ƙara ba."

To, a ƙofar gidansu akwai wata mota da mahaifinsu, marigayi Malam Jibril, ya bari. Doguwa ce irin ta da, mai kujeru layi uku, fentinta ya koɗe daga shuɗi ya koma wani launi da ba shi da suna. 'Yan unguwa Dattijuwa suke ce mata. Da ita Malam Jibril ya yi ta jigilar hatsi daga Utai da Darki har ƙarfinsa ya ƙare, kuma ya sha gaya wa matarsa, Inna Indo, cewa duk ranar da ta sauke farali, a cikin motar nan zai shigo da ita gida. Allah bai nufa ya ga ranar ba. Shi ya sa da kujerar Makka ta samu bana, Inna ta tara 'ya'yanta maza biyu kafin ta tafi, ta ce ba ta neman komai a wurinsu sai abu ɗaya: in Allah ya dawo da ita lafiya, a motar Malam take so ta shiga gida.

Garzali, ƙanin Gwadabe, ma'aikacin gwamnati ne a Kano, mutum mai sanyin hali da ba ya son surutu. Shi ya kai Dattijuwa wurin makanike, daga nan ya wuce da ita wurin Dalhatu mai gyaran wayarin, aka duba ta ciki da bai. Ta dawo tana tashi bugu ɗaya. Aka shirya cewa Garzali zai ɗauko Inna daga sansanin alhazai a tasa motar, ya kawo ta bakin gada, inda Gwadabe zai jira su da Dattijuwa.

"Yaya, ga makulli," in ji Garzali. "Wanki kawai take buƙata, sai ɗan tayarwa da safe. Don girman Allah kar a taɓa komai."

Ai da ya sani da bai faɗi ta ƙarshen ba. Ka ce da Gwadabe kar ya taɓa komai? Da ka zage shi ma ya fi masa sauƙi.

Garzali na juya baya, Gwadabe ya tsallaka wurin maƙwabcinsu Ya'u mai suyar kifi, ya zauna a kan benci yana huci.

"Ya'u, ka ji yaron nan? Uwar injiniya guda ta dawo daga Makka, a ce ta shigo gari shiru kamar an kawo buhun masara? Wallahi sai an ji shigowar Inna har Darki."

"To me za ka yi?" in ji Ya'u, yana juya kifi.

"Allo zan kafa a rufin mota, in zagaye shi da fitilu masu ƙyafta ido irin na shagon aski. Sannan in cire 'yar odar nan mai kukan mage, in sa mata odar tirela."

"Ka kira Dalhatu ya haɗa maka mana."

Gwadabe ya yi wani dogon tsaki. "Dalhatu? Wanda ni nake yi wa cajin waya? Mutumin da bai iya cika batirin aljihunsa ba sai ya zo wurina, shi zai koya min wuta?"

Kafin a ce haka, allo ya iso. An rubuta barka da dawowa Hajiya Indo da 'yan ƙananan baƙaƙe, a ƙasa kuma, da baƙaƙen da makaho ma sai ya shafa ya ji, SAƘO DAGA ƊANKI INJINIYA. Gwadabe ya hau kan turmin matarsa, ya ɗaure allon da dogayen sukurori, kowanne ya fi yatsa tsawo. Ɗaya daga ciki ya ƙi shiga, ya yi masa taurin kai. Gwadabe ya cije leɓe ya danna da ƙarfin tsiya har sai da ya ji ya wuce. Abin da sukurun ya huda ya wuce kuwa, wayoyin da suka bi ta gefen rufi ne. Ni da ku mun san haka yanzu, amma shi Injiniya bai sani ba.

Ya sauko, ya karkaɗe hannu, ya kira matarsa Turai da Ya'u su zo su ga aiki. Ya murɗa makulli. Aka ji ƙas! Rediyo ya yi shiru, fitilar ciki ta mutu, fitilun allo kuwa ko ƙyaftawar fari ba su yi ba.

"Lafiya?" in ji Turai.

"Fis ne. Ƙaramin abu. Koma ki ci gaba da ɗinkinki."

Shi fis, ga wanda bai sani ba, ɗan mitsitsin abu ne da aka yi shi musamman don ya mutu. In wuta ta kauce hanya a cikin waya, shi ne zai fara tsinkewa don kar mota ta kama. Saboda haka in ka ga ya mutu, abin tambaya shi ne me ya kashe shi. Gwadabe bai yi wannan tambayar ba. Ya kwanta rigingine a ƙarƙashin sitiyari, ƙafafu a waje, ya buɗe akwatin fis, ya zare mataccen ya soka sabo. Ƙas! Ya soka wani. Ƙas! Ya aika aka sayo masa cikin tafin hannu, ya yi ta sokawa suna ta mutuwa, har ƙasan motar ya cika da gawarwaki.

"Fis ɗin zamanin nan ragwaye ne," ya faɗa daga ƙarƙashin sitiyari. "Na da, ko tsawa ce ta faɗa musu sai dai su yi tari su ci gaba da aiki."

"Baban Yusra," in ji Turai, "ni dai ban san wuta ba. Amma kafin ka huda rufin nan motar lafiyarta ƙalau."

"Ku ji ta fa! Rufi yana sama, fis yana ƙasa. Ina ruwan wannan da wancan? In kika yi ciwon kai, a ƙafa ake ɗaure miki?"

"A'a. Amma in na taka ƙaya, bakina ne yake ihu."

Ya'u ya tuntsire da dariya har sai da ya riƙe ƙofar mota. Gwadabe ya sha mur, ya ce duk wanda bai karanci lantarki ba ya matsa, yana tare masa haske.

Da sababbin suka ƙare, sai ya koma kan na tsohuwa, wato waɗanda marigayi ya bari a cikin akwatin. Ya zare na waifa mai goge gilashi ya sa a gurbin na rediyo, ya mutu. Ya zare na sigina, ya mutu. Ya zare na fitilun gaba, shi ma ya bi 'yan'uwansa. Motar da ta wayi gari da ciwo ɗaya, kafin la'asar ba abin da ke motsi a jikinta sai inji.

Wani mai hankali da nan ya tsaya. Gwadabe kuwa nan ya ce yanzu ma aka fara. Washegari ya sayo cingam fakiti guda, don wai takardar azurfar da ake naɗe shi da ita ta fi kowane fis jarumta. Shi kuma ba ya son asara, sai ya zauna ya tauna cingam ɗin duka, kumatu sun yi suntum, yana naɗe matattun fis da takardar yana mayarwa. Ya murɗa makulli. Takardar ta yi fuu, ta zama toka, wani ɗan hayaƙi ya shige masa hanci. Ya fito yana atishawa da cingam a gemu.

"Injiniya, an samu?" in ji Ya'u.

"An kusa. Na gano matsalar. Ƙarfe take so, ba takarda ba."

Turai kuwa ɗinkin hula take yi, na hannu, kuma tana da allurai masu kauri da take ji da su kamar me, a soke a jikin wani ɗan matashi. Ta fita ɗebo ruwa, ta dawo ta tarar da matashin fayau.

"Baban Yusra! Ina alluraina?"

"Suna aikin gwamnati."

"Hular mutane fa nake yi!"

"Ke hular mutum ɗaya kike yi, ni uwar gari zan ɗauko. Ki yi haƙuri a yi babban aiki tukuna."

Ya jera alluran a gurbin fis, ɗaya bayan ɗaya, ya murɗa makulli. Kai jama'a! Sai ga rediyo ya kama, fitilun allo suka hau ƙyafta ido, ja da kore da ɗorawa. Gwadabe ya fito ya buɗe hannuwa a tsakiyar layi.

"Ina masu dariya? Ina Dalhatu? A kira shi ya zo ya ɗauki darasi, kyauta!"

Gaskiyarsa ta wani ɓangaren, allura ba ta mutuwa. To amma da yake ta ƙi mutuwa, sai zafin ya nemi wanda zai kashe. Alluran suka yi jajawur, robar da ke jikin wayoyi ta narke, wayoyin da ba su taɓa gaisawa ba tun da aka ƙera motar suka rungumi juna. Wani wari ya tashi kamar an jefa silifas a murhu.

"Me ke ƙauri?" in ji Ya'u.

"Sababbin kaya ne suke zama."

Ya shiga ya taka birki don ya saka giya. Ɓaaam! Odar tirela ta tsage unguwa. Akuyoyi suka tsinke igiya, wani mai tallan rake ya watsar da faranti, Ya'u ya sami kansa a bayan bishiyar darbejiya bai san lokacin da ya je ba. Gwadabe ya ɗaga ƙafa, oda ta yi shiru. Ya sake takawa. Ɓaaam! Ya danna odar kanta a kan sitiyari, sai fitilar ciki ta kama. Ya kunna waifa, ba labari. Ya ba da siginar hagu, sai ga waifa tana share gilashi da himma.

Iya Auta, tsohuwar da gidanta ke kallon nasu, ta leƙo da muciya a hannu.

"Kai Gwadabe! Tirela ce ta shigo mana lungu?"

"Gwaji ake yi, Iya."

"To ka gwada a gidan ubanka! Kazata tana kan ƙwai ta tashi ta haura katanga."

"Iya, ai nan ne gidan ubana."

"Allah ya jiƙansa, shi bai taɓa firgita min kaza ba."

Jama'a suka taru, kowa da shawararsa. Wani ya ce a cire batir, wani ya ce a cire allo, wani ya ce a cire Gwadabe. Shi kuwa ya tsaya ya dafa bonet yana yi musu bayani, wai wannan sabon tsari ne da ake yi a ƙasashen waje, duk wanda ya taka birki dole na baya ya sani. A zuciyarsa dai ya ɗan tsorata, ba ƙarya. Amma ya kwantar wa kansa da hankali da cewa akwai lokaci. Kowa ya san jirgin alhazai, in an ce gobe, to jibi ma ka sa rai kawai. An ce su Inna sai wani makon.

Ranar Juma'a da hantsi, yana kwance a ƙarƙashin sitiyari da filaya a baki, wayarsa ta yi ƙara.

"Yaya, albishirinka! An sauya musu jirgi, sun sauka tun da safe. Ga Inna nan a kusa da ni, mun kamo hanya. Ka fito da Dattijuwa bakin gada."

Filaya ta faɗo masa a hanci. 

"Yanzu?"

"Yanzu mana. Lafiya dai motar?"

"Lafiya? Ai ta fi yadda ka bar ta."

Yana ajiye waya ya ƙwala wa Ya'u kira. "Ya'u, buga wa Dalhatu. Ba wai don komai ba, so nake ya zo ya riƙe min fitila."

Ya'u ya buga, ya buga, tana shiga ba a ɗauka. Can ya dubi Gwadabe. "Injiniya, yaushe rabonka da buɗe rumfa?"

"Tun da na fara aikin nan."

"To wayar Dalhatu tana cikin rumfarka a kulle. Jiya ma ya zo nemanka, ka ce a ce ba ka nan."

Ba yadda za a yi. Gwadabe ya zura farar babbar rigarsa ta Sallah, ya ja Ya'u ya tura shi kujerar gaba, suka kama hanya. Ga shi ranar Juma'a ce, ranar kasuwar Wudil, ranar da shanu suka fi mutane yawa a kan titi. Suna fitowa babban titi suka ci karo da garke guda ana kora shi kara, wato kasuwar shanu. Gwadabe ya taka birki.

Ɓaaam!

Tirƙashi! Shanu suka watse gabas da yamma. Wani ya faɗa rumfar mai tukwane, wani ya bi mai babur a guje, makiyaya na ta ihu suna ɗaga sanda. Wani dattijon Bafulatani ya buga bonet da tafin hannu.

"Kai mai mota! Ba ka da ido ne? Ka daina busa mana!"

"Baba, in na daina busa zan take ku!"

"To ka tsaya mana!"

"Tsayawar ce take busa!"

Ya'u ya fito da rabin jikinsa ta taga yana ɗaga hannu. "Jama'a a yi haƙuri! Ba shi ba ne, birki ne! A ba mu hanya, ba ma iya tsayawa cikin mutunci!" Wani ƙaton bijimi ya juyo, ya kai wa motar ƙaho, ya tafi da madubin gefe yana reto a kansa.

"Madubin Malam!" in ji Ya'u.

"Bar shi. Ni gaba nake kallo."

Suna kuɓuta daga shanu, hadarin da ya haɗo tun safe ya saki ruwa kamar da bakin ƙwarya. Gilashi ya rufe, ba a ganin ko bonet. Dole Gwadabe ya ba da siginar hagu don waifa ta yi aiki. Haka suka yi ta tafiya, mota na cewa za ta shiga hagu, ba ta shiga. Na baya ya jira ya gaji, ya zo wucewa ta dama, ga rumfuna. Wani mai adaidaita sahu ya matso daidai taga.

"Malam, in za ka shiga hagun ka shiga mana! Tun daga tasha kake mana alkawari!"

"Ba shiga zan yi ba, gilashi nake gogewa!"

Mai adaidaita ya dubi Ya'u ya nuna kansa da yatsa. Ya'u ya ɗaga masa kai, alamar haka ne.

A bakin gada motar Garzali na tsaye a gefe. Ga Inna Indo a ciki, sanye da fararen kaya, ta ɗan rame, fuska na sheƙi, sabon haƙorin Makka na walƙiya. Gwadabe na hango ta ya ji wani daɗi ya cika masa ƙirji, ya manta da komai, ya danna birki iya ƙarfinsa. Wannan karon da ya ɗaga ƙafa, oda ba ta yi shiru ba. Ta maƙale. Ya kashe makulli, ya zare shi gaba ɗaya, inji na ci gaba da aiki, oda na ci gaba da tsaga kunne, fitilun allo na ta rawa cikin ruwan sama.

Haka ya fito da makulli a hannu, ya durƙusa a cikin taɓo a gefen tagar Inna.

"Inna, sannu da hanya! An dawo lafiya? Ya ibada? Ya mutanen can?"

Ba wanda ya ji ko kalma ɗaya. Baki kawai ake gani yana motsi.

Ita Inna, Gwadabe ne ɗanta na fari, kuma irin matan da ne masu tsananin kunyar ɗan fari. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye in akwai wanda za a aika. Ta jawo kunnen Garzali kusa da bakinta.

"Me aka rubuta a kan motar Malam?"

"Barka da dawowa ce, Inna!"

"Duk waɗannan manyan baƙaƙen?"

"A'a, ƙananan ne naki! Manyan sunan Yaya ne!"

"Kukan nan fa?"

Garzali ya dubi yayansa. Gwadabe ya haɗa hannu a baki ya ƙwala: "Murna ce! Ta gane Inna!"

Inna ta buɗe ƙofa. Ta fito, Garzali na riƙe mata lema, ta taka a hankali har wurin Dattijuwa, ta shafa ƙofar, ta shiga ta zauna a layin tsakiya. A cinyarta tana rungume da jarkar zamzam, guda ɗaya tal da ake ba kowane alhaji, wadda ta ƙi yarda a sa a but tun daga Kano. Rabin matan unguwa sun yi mata sallahun ruwan nan kafin ta tafi, kowa na jiran kurɓinsa. Ta kwance murfin da hannunta, ta yi bisimilla, ta miƙa wa Garzali.

"Ba wa yayanka ya fara sha. Shi ne babba."

Gwadabe, da ya koma ya zauna a kujerar direba, ya karɓi jarkar da hannu biyu, idonsa ya ciko da ƙwalla. Ya ɗaga ta ke nan zai tsiyaya a murfi, sai wani baƙin hayaƙi ya turnuƙo daga ƙarƙashin sitiyari. Kafin ya ce me, harshen wuta ya leƙo tsakanin gwiwoyinsa ya lashi bakin babbar riga.

"Wuta! Wayyo Allah, wuta!"

Mutumin da suka fahimci juna da wuta bai tsaya yi mata magana ta hankali ba. Ya kifa jarkar nan gaba ɗaya a kan akwatin fis, ya girgiza ta, har ɗigon ƙarshe. Aka ji caaa! Oda ta yi wani irin kuka kamar an shaƙe rago, ta mutu. Inji ya yi tari ya tsaya. Fitilun allo suka ƙyafta na ban kwana. Wuri ya yi tsit, sai ƙarar ruwa a kan rufi.

"Gwadabe!"

Inna ce. Ta faɗa da ƙarfi, kowa ya ji. Nan take ta rufe baki da gefen mayafi. Garzali ya saki baki, lema ta karkace a hannunsa. Gwadabe ya juyo a hankali da busasshiyar jarka a ƙirji, bai san ko kuka zai yi ko murna ba, don duk tsawon rayuwarsa yau ce ranar farko da ya ji sunansa a bakin mahaifiyarsa.

"Na'am, Inna," ya amsa da 'yar ƙaramar murya.

Ya'u ne ya fasa shirun. "Injiniya, ga kogi a ƙasanmu. Ga ruwa na zuba daga sama. Ga kwata ta cika ta batse. Duk ba su yi maka ba sai na Makka?"

"Wutar lantarki ba kowane ruwa take ji ba," in ji Gwadabe, amma a ciki-ciki ya faɗa.

Garzali ya leƙa ciki, ya ga rufin ya yi baƙi ƙirin a zagaye da tsinin wani sukuru. Ya taɓa, ya janye yatsa da sauri. "Yaya, wannan ai a tsakiyar waya ka ɗaure shi. Shi yake ta kashe maka fis."

"Turai ta faɗa," in ji Ya'u.

"Wa ya tambaye ka?"

Garzali ya buɗe bonet ya cire kan batir, sannan ya dawo ya rusuna a ƙofar Inna. "Inna, ki yi haƙuri ki dawo tawa motar. Wannan kam ba za ta ƙara tashi yau ba."

Inna ta gyara zama, ta jingina bayanta sosai.

"Malam ya ce a motar nan zan shiga gida. Bai ce min sai da inji ba. Kai ka kama sitiyari. Ka gaya wa yayanka ya zagaya baya."

Haka kuwa aka yi. Gwadabe ya naɗe babbar riga mai ƙonannen baki, ya sa kafaɗa a but, Ya'u ya kama masa gefe don zumunci. Doguwar mota ce, ga kayan Inna an loda, ga taɓo. Tun kafin su bar gindin gada takalminsa ɗaya ya maƙale a laka ya ƙi biyo shi. Ya zame ya sha ƙasa, ya tashi, ya sake zamewa. Masu kifi da masu rake suka fito bakin rumfuna suna tambaya, wane ne a ciki? Da aka ce hajiya ce ta dawo daga Makka, ta rantse sai a motar marigayi mijinta za ta shiga gida, sai wani ya ajiye farantinsa ya sa hannu. Wani ya bi. Masu tafiya masallacin Juma'a suka tattare riguna suka shigo. Kafin a kai kwanar unguwa, ba wurin sa hannu a jikin Dattijuwa, ana ta kabbara, mata na guɗa daga zaure, Inna na ɗaga hannu ta taga haƙorin Makka na walƙiya.

Gwadabe, da laka har gira, ƙafa ɗaya ba takalmi, ya matso kunnen Ya'u yana haki.

"Ka ga taro? Da inji na aiki wa zai taru haka? Wani abin sai injiniya."

"Tura dai," in ji Ya'u.

Aka tsayar da motar daidai inda Malam Jibril ya saba ajiye ta. Ruwa ya ɗauke. Ƙofar gida cike take da matan unguwa, an ci ado, kowacce da ɗan kofinta a hannu, wasu har da na jikoki. Inna ba ta fito nan da nan ba. Ta miƙa hannu ta dafa bayan kujerar direba, ta daɗe a haka, bakinta na motsi. Waɗanda ke kusa sun ce sun ji ta ce, "Malam, ga ni na iso." Ta share ido da mayafi, sannan ta sauko.

Ta miƙa hannu ba tare da ta dubi Gwadabe ba. Ya ɗora mata makulli. Ta ƙulle shi a bakin zane.

"Garzali, ka gaya wa yayanka na yafe masa ruwan, tun da ya kawo ni gida a motar ubansa, ko da da kafaɗa ne. Amma waɗannan," ta nuna matan da haɓa, "ban isa in yafe musu nasu ba. Ya tsaya ya yi musu bayani, tun da shi ne mai ilimin."

Ta shige gida abinta. Garzali ya bi ta da jaka. Ya'u ya tuna ya bar kifi a wuta.

Gwadabe ya juyo, ya ga kofuna sun yi masa zobe. Ya buɗe baki, karo na farko a tarihin Wudil ba abin da ya fito. Iya Auta ce a sahun gaba. Ta miƙo kofinta har ƙarƙashin haɓarsa.

"To, Injiniya," in ji ta, "zuba mana."